Muryarta Ta Riga Ta Isa Gida

Tun daga zaure Nana Aisha ta jiyo wata mace tana kuka a falon Baba. Ta ja ta tsaya, jaka a kafaɗa, ko farar rigar asibiti ba ta cire ba. Ta san muryar, amma ta kasa tuna mai ita, sai da matar ta ja numfashi ta ce:

"Wallahi Akram, Baba bai taɓa tambayata abin da nake so ba. Mota kawai yake gani da gidan Abuja. Da a ce ni tunkiya ce, da tuni ya miƙa wa Abubakar igiyata."

Muryarta ce.

Saƙon murya ne da ta tura wa saurayinta Akram ta WhatsApp a makon jiya, ranar da baƙin ciki ya ishe ta, ta kulle kanta a ɗakin sauya kaya ta amayar da abin da ke cikinta. Mutum ɗaya ta faɗa wa a duniya. Ga shi yau yana fitowa daga wayar Goggo Hajo, yayar mahaifinta.

"Shigo mana, mai murya," in ji Goggo daga ciki. "Ai mun ji takunki."

Ta shiga, ta durƙusa a bakin ƙofa. Mahaifinta, Malam Zailani, yana zaune a kujerarsa, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ko kallonta bai yi ba. Umma na rakuɓe a gefe, kanta a sunkuye.

"Ni ne mai sayar da tumaki, Nana?"

A hankali ya yi tambayar, kuma sanyin muryar ya fi mata mari zafi.

"Baba, don Allah ka yafe mini. Ɓacin rai ne, ban yi nufin..."

"Ban ce zan yi miki dole ba. Kin yi karatu, kina aikinki, kin wuce nan. Cewa na yi ba zan ba da 'yata ga mutumin da ban san ta ina abincinsa ke fitowa ba. Laifina ke nan?"

"Wata baƙuwar lamba ce ta turo mini," Goggo ta karɓe zancen. "Kuma ba ni kaɗai ba, har zauren dangi na WhatsApp an jefa shi. Mutanen Lafiya sun ji, na Akwanga sun ji. To ki faɗa mini, mutum nawa ke da saƙon nan? Ke da shi. Ke kika watsa?"

"A'a, Goggo."

"To shi ne. Ya ga Abubakar na shirin turo magabata, ya ce bari ya ɓata ki, kowa ya rasa. Ɗan yahu, mai damfara ta intanet, ai ba ya rasa dabara."

"Akram ba ɗan yahu ba ne!"

"Yi mini shiru! Mutumin da ke wuni a ɗaki da kwamfuta, ba ofis ba shago? An ce ma wata manhaja yake hira da ita, wadda saƙo ke gogewa da kansa. Mai gaskiya me zai sa ya riƙa share sawunsa?"

Baba ya mayar da tabaransa.

"Ki gaya masa ina nemansa gobe bayan la'asar. Zai buɗe wayarsa a gabana, mu duba. In hannunsa a wanke yake, mu gani. In ya ƙi, to kada ya ƙara taka mini ƙofar gida, ke kuma kada na ƙara jin sunansa a bakinki."

* * *

Washegari da safe ta je aiki kamar wadda aka zare wa laka. Sau biyu tana ɗaura wa mara lafiya abin awon jini tana manta abin da ta gani. Keziya, abokiyar aikinta 'yar Garaku, ta janye ta gefe, ta saurari labarin tana riƙe da haɓa.

"Ni kam ban ga abin wahala ba," in ji Keziya. "Ya buɗe wayar mana. Ni da mijina Jonatan, ya san lambar buɗe wayata, na san tasa. Shi ke nan zaman lafiya."

"Ranar da ƙanwarki ta turo miki maganar cikinta fa, kafin ta gaya wa kowa? Ya karanta?"

Keziya ta sosa wuya.

"Na goge kafin ya gani," ta ce, ta yi 'yar dariyar kunya. "Amma Nana, tsakaninki da Allah, kin tabbata ba shi ba ne? Maza fa sai a hankali."

Tambayar da Nana ta kwana tana gudu ke nan.

Wajen hantsi Akram ya iso a kan babur ɗinsa, ya same ta a gindin mangwaron da ke bayan ɗakin magani. Dogo ne siriri, mai sanyin magana, ɗan Gangaren Tudu. Idanunsa sun nuna shi ma bai samu barci ba.

"Kalle ni, Nana," ya ce. "Kina zargina?"

"Ban sani ba, Akram! Ban san komai ba yanzu. Kai kaɗai na tura wa."

Ya haɗiye maganar, ta ga yadda ta soke shi. Sai ya miƙo hannu.

"Ba ni wayarki. A'a, ke ki buɗe da kanki, ki riƙe. Shiga wurin na'urorin da aka haɗa."

Ta shiga. Ba ta taɓa sanin akwai wurin ba ma. Ga shi kuwa a rubuce: wata kwamfuta tana haɗe da WhatsApp ɗinta, kuma ko a safiyar nan an leƙa.

"Mene ne wannan?"

"Wani ne yake zaune a wani wuri, duk abin da ya shigo miki yana gani, duk abin da kika tura yana ji."

Ta tuna hirarrakinta da ƙawaye, hotunan da ta ɗauka ba ɗankwali, maganar rashin lafiyar wata baiwar Allah da ta tura wa likita. Ji ta yi kamar an yaye rufin ɗakinta tana tsakiyar sauya kaya.

"Da na ji maganarka," ta ce, hawaye na zubo mata. "Sau nawa ka ce na koma manhajar nan taka, ina yi maka dariya ina cewa ba ni da abin ɓoyewa."

"A'a, kada ki ɗora wa manhaja wannan. Ko tawa ce, in aka miƙa wa mutum makulli zai shiga. Ba daga nesa aka yi ba, Nana. Sai an riƙe wayar a hannu, a buɗe. Wa ya san lambarki?"

"Babu kowa. Ko kai ban..."

Maganar ta maƙale. Akwai mai ɗaukar wayar duk ranar da Nana ke hutu, ta saurari wa'azi tana tsintar shinkafa. Ita da kanta ta koya mata lambar.

Akram ya karanci fuskarta, ya kawar da kai.

"Ɗauki hoton shafin nan tukuna, sannan ki cire kwamfutar," ya ce. "Abin da za ki yi da shi kuma, ke za ki yanke. Ni dai ba za a ji daga bakina ba."

"To ka buɗe wa Baba wayarka kawai, a wuce wurin. Don Allah, Akram."

"Ba zan iya ba."

"Ko don ni?"

"Akwai maganar mutane a ciki. Akwai wanda ya gaya mini ciwonsa, akwai wadda ta gaya mini abin da ke tsakaninta da mijinta. Ba su ba ni don na shimfiɗa a falon wani ba. Abin da aka yi miki jiya, shi kike so na yi musu yau?"

"Ni kuma ka rasa ni?"

Ta juya ta bar shi a tsaye, tana toshe baki da gefen hijabi.

* * *

Ta nemi izini ta koma gida da azahar. Umma na madafi tana gyaran alayyafo. Nana ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabanta, ta ajiye wayar a tsakaninsu.

"Umma, wa kika ba wayata?"

Wuƙar ta tsaya. Umma ba ta ɗago ba.

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Umma, don girman Allah."

Sai kawai Umma ta saki wuƙar a cikin tire, ta fashe da kuka irin na wanda ya daɗe yana riƙewa.

"Ban san haka zai yi ba, Nana! Wallahi ban sani ba. Ranar da kika shiga maƙwabta barka kika bar ta a caji, Abubakar ya zo gaishe ni. Ya ce yaran nan masu kwamfuta suna yaudarar 'yan mata, su karɓi hotunansu, su zo suna yi musu barazana. Ya ce akwai wadda ta sha guba a kan haka. Hankalina ya tashi. Ya ce in buɗe masa, zai sa miki wani abin tsaro ne kawai. Ya ɗauko kwamfutarsa a mota, ko ruwan da na kawo masa bai gama sha ba ya ce an gama."

"Kika ba shi ni, Umma. Ɗungurungum kika ba shi ni."

"Tsoro ne, 'yar nan. Ke kaɗai gare ni mace. Ina ganinki kina murmushi da waya, ban san da wa kike ba, ban san me ake gaya miki ba. A zamaninmu saurayi a zaure yake tsayawa, kowa na ganinsa. Yanzu yana cikin aljihunki, ni ina zan gan shi?"

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ki, za ki faɗa?"

Nana ta san ba za ta faɗa ba.

Umma ta kamo hannayenta biyu ta ƙanƙame.

"Ki rufa mini asiri. Kin san babanki. Zai yafe komai ban da a yi abu a bayan idonsa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɓoye masa ko allura ba. In ya ji ni na buɗe wa namiji wayar 'yarsa, har abin ya zama abin da dangi ke yi masa dariya... Nana, ina zan je da furfurata?"

"Akram fa? A bar shi da sunan da bai ci ba?"

"Shi namiji ne, zai samu wata."

"Ni fa, Umma? Ni zan samu wani?"

Suka zauna suna kuka, ruwan miya na tafasa a kan wuta ba mai kula shi.

* * *

Ana idar da la'asar falon ya cika. Goggo Hajo ta kame a kujerar kusa da Baba. Abubakar ma ya zo, cikin shadda mai ɗaukar ido, makullin mota a hannu. Goggo ce ta kira shi, wai ya zama shaida. Nana na zaune a ƙasa kusa da labulen ƙofar tsakar gida, ta san Umma na tsaye a bayansa, don tana jin numfashinta.

Akram ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida kowa, har da Abubakar.

"Kafin komai," in ji Baba, "gaya mini sana'arka da Hausar da zan gane."

"Baba, manhaja nake rubutawa, irin wadda ke sa waya ta yi aiki. Wasu kamfanoni na ba ni aiki su biya ni. Akwai kuma wadda muke yi mu da yawa daga ƙasashe daban-daban, mu bar rubutunta a fili, duk mai so ya duba, ya gyara, ya yi amfani da ita kyauta."

"Kyauta!" Goggo ta tafa hannu. "Kun ji ko? Wa ke wahala kyauta in ba da wata manufa ba?"

"Goggo, kamar mai tsire ne da ke yanka namansa a gaban jama'a. Ba sai ya rantse miki ba, idonki ya ga abin da ya sa a wuta. Manhajar da aka rufe cikinta kuwa, sai dai ki yarda da abin da mai ita ya ce. Wataƙila gaskiya ya faɗa, amma ba ki da hanyar dubawa."

Baba ya gyara zama.

"To ka kawo kanka. Kai mai son a bar komai a fili, ga fili. Buɗe wayarka."

"Baba, yadda aka ƙera kwaɗon ƙofa shi ake nuna wa kowa, don a tabbata yana da ƙarfi. Abin da ke cikin ɗakin kuma na mai ɗaki ne."

"Ban kira ka karin magana ba. Za ka buɗe ko ba za ka buɗe ba?"

Abubakar ya yi murmushi, ya zaro wayarsa ya ajiye a kan tebur a gaban Baba.

"Ga tawa, Baba, ko lamba ban sa mata ba. Mutumin da ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron ido."

Nana ta dube shi. Ta san ba a waya abin yake ba. Mutumin nan ya ji kukanta, ya ga hotunanta, ya zo yana zaune yana ƙamshin turare. Tata wayar na cikin tafin hannunta, hoton da ta ɗauka na ciki. Taku kaɗan ne tsakaninta da Baba. Amma tambayar farko da zai yi ita ce: wa ya buɗe masa?

A bayan labule numfashin Umma ya ƙara sauri.

"Baba, ka yi mini aikin gafara," in ji Akram. "Na rantse da Allah ban fitar da saƙon Nana ba. Amma akwai amanar mutane a wayar nan. Ba zan buɗe ba."

"To wa ya fitar?"

Akram ya sunkuyar da kai. Ko inda Nana take bai kalla ba.

"Shi ke nan," in ji Baba. "Na ba ka dama ka wanke kanka, ka ƙi. Maci amana ba ya zama surukina. Tashi ka ba ni wuri."

Akram ya miƙe a hankali. Nana na kallo ya kai bakin ƙofa, ya sunkuya yana neman takalminsa, hannunsa na kuskure shi.

"Malam, kada yaron nan ya fita."

Labulen ya ɗaga. Umma ta shigo, fuskarta jiƙe, ta zube a gaban mijinta.

"Ni ce. Ni na buɗe wa Abubakar wayar Nana, ya haɗa ta da kwamfutarsa. Ya ce tsaro zai sa mata. Na ɓoye maka, na bari kana zagin ɗan mutane a kan laifina."

Nana ta rarrafa ta miƙa wa Baba wayarta, hoton a buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dubi Abubakar.

"Ina kwamfutar?"

"Baba, ai... don kare ta na yi. Na ga yaron nan yana juya mata tunani, na ce gara ku ji da kunnenku..."

"Mu ji, ko duniya ta ji? Ka zauna kana leƙen 'yata kamar ɓarawon da ya hau katanga, sannan ka zo ka ajiye mini waya kana gaya mini gaskiya? Albarkacin mahaifinka ka ci. Ɗauki abinka ka fita."

Abubakar ya fita ko sallama babu. Goggo Hajo ta ja mayafi ta rufe baki.

Baba ya juya ga Akram, wanda ke tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ka sani?"

"Na yi zato tun da safe, Baba."

"Ka tsaya ina kiranka maci amana, ka yi shiru?"

"Ba maganata ba ce da zan faɗa."

Baba ya daɗe yana dubansa.

"Na zalunce ka, ka yafe mini. Je ka gida. Ka ce wa kawunka ina son ganinsa."

Wani daɗi ya taso wa Nana har maƙogwaro, amma bai kai ko'ina ba, don ta ga idon da Baba ya sauke a kan Umma.

"Kowa ya fita. Ke ki zauna."

Suka fito tsakar gida, aka turo ƙofa. Akram ya tsaya a bakin zaure, ya kasa tafiya. Goggo ta lallaɓa ta kara kunne a taga, Nana ta kamo gefen zaninta.

"Goggo, don Allah. Ya isa haka."

Goggo ta dube ta, ta dawo ta zauna a kan turmi.

Babu tsawa daga ciki, babu ɗaga murya, kuma shirun ne ya fi tsorata Nana. Sai sheshsheƙar Umma da ke fitowa jefi-jefi. Inuwa ta ci rabin tsakar gida kafin ƙofar ta buɗe. Baba ya tsaya a bakinta, idanunsa jajur.

"Nana, shiga ɗakina ki ɗauko mini takarda da biro."

"Innalillahi!" Goggo ta miƙe zumbur. "Zailani, kana cikin hankalinka?"

"Yaya, ki bar ni. Nana, ba ki ji ba ne?"

Ta ji. Tun tana 'yar ƙarama, Baba bai taɓa aikenta ya maimaita ba. Ta taka har gabansa, ta durƙusa a kan dokin ƙofar, ta riƙe ƙafafunsa da hannu biyu.

"Na ji, Baba," ta ce, hawaye na ɗiga a kan yatsunsa. "Ba zan ɗauko ba."